Na yi wa falona koren fenti, ƙannen miji sun ce ƙauyanci ne

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da take cina tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan, tunda a nan nake ganin masu sanin harkar gida.

Shekararmu shida a gidan nan a Kano. Tun da muka tare bangon falo ruwan madara ne, kujeru ruwan toka, labule ruwan toka, tayil fari. Duk gidan da na shiga a layinmu haka yake, in kika ɗauki hoto a falon wata ba za ki bambance shi da na maƙwabciyarta ba. Bayan babbar sallah na kwashi adashina, na nemi izinin maigidan, ya ce in yi yadda nake so. Na sa aka yi wa bangon da talabijin take jiki kore mai duhu, irin na ganyen mangwaro da ya ƙosa. Sauran bango ukun aka yi musu ruwan ɗorawa. Kujerun na kai aka sake musu yadi ruwan goro. Labule kuwa da ƙafata na shiga Kantin Kwari na zaɓo yadi mai manyan furanni, ja da kore da ɗan shuɗi. Sannan na rataye faya-fayai bakwai da na sayo a Kasuwar Kurmi a saman doguwar kujera.

Ranar da aka gama, na zauna ni kaɗai da yamma, rana ta ratso ta taga ta kwanta a kan koren nan. Wallahi sai na ji kamar ranar na fara zama a gidana.

Shekaranjiya Hajiyar maigidana ta zo da ƙannensa mata biyu. Hajiya ba ta ce komai ba sai "Allah ya sanya alheri," amma ba ta daɗe a falon ba ta ce a shimfiɗa mata darduma a ɗakin yara. Ƙaramar ta ce, "Anti, wannan ai kamar wurin kamu." Babbar ta ce gidan mai iyali ba a yi masa haka, ƙauyanci ne. Kalmar nan ita ta tsaya min a maƙogwaro. Maigidan da ya ce in yi yadda nake so, jiya ya fara cewa ko za a ɗan rage.

Ga hotuna nan guda huɗu. Ku faɗa min tsakani da Allah, na yi ɓarna ne?

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam. Tubarkallah masha Allah! Ni dai koren nan ya tafi da ni. Kada ki taɓa komai.

Uwar Biyu:
Maman Sadik, tunda gaskiya kika nema zan faɗa miki, kada ki ji haushina. Ya yi yawa. Na buɗe hoton farko idona ya rasa inda zai sauka: kore yana kira, ruwan ɗorawa yana kira, kujera tana kira, labule ya fi kowa ɗaga murya. Falo wurin hutawa ne. Mutum ya wuni a rana da hayaniyar titi da hon ɗin 'yan adaidaita, ya dawo gida yana son idonsa ya samu inda zai kwanta. Ni falona fari ne da ruwan toka, kuma ba don kwaikwayon kowa ba, sai don in na shiga nakan ji kaina ya yi sanyi. Ban yarda da kalmar ƙauyanci ba, ba ta dace a faɗa wa matar yaya ba. Amma wadda ta ce wurin kamu, ina ganin abin da ta gani.

'Yar Fagge:
Ni abin da yake ba ni mamaki shi ne, mu da muke ɗaura atamfa mai kala biyar, mu yafa mayafi ja, mu yi lalle baƙi da ja har gwiwar hannu, mazanmu su sa shadda shuɗiya da hula mai aiki kala-kala, sai a zo kan bango a ce launi ƙauyanci ne? Yaushe ruwan toka ya zama wayewa? Ku je ku kalli hawan daushe ku dawo ku ce min Bahaushe yana tsoron kala.

Uwar Biyu:
'Yar'uwa, atamfa da daddare ake cire ta. Bango kuwa da shi za ki kwana, da shi za ki tashi, shekara da shekaru.

Hajiya Inna:
Jikata ce take rubuta min, ni ina faɗa. 'Yata Maman Sadik, ki kwantar da hankalinki.

Lokacin da aka kai ni ɗaki a cikin birni, ba a san wani abu wai shi ruwan toka a ɗakin amarya ba. Kwana biyu kafin a kawo ni, gwaggonnina da ƙawayen mahaifiyata suka zo jere. Aka shafe bango da farar ƙasa, daɓe kuwa an riga an yi shi da makuba, ja-ja yana sheƙi. Sai aka fara ɗora kwanuka. Langa-langa masu fure, ja da rawaya da kore da shuɗi, kwalla da fanteka, tasoshi an goge su da toka da lemon tsami har kina ganin fuskarki. Tun daga ƙasa har kusa da rufi, jeri bisa jeri, babba a ƙasa ƙarami a sama. Gado mai rumfa da zanin gado mai aikin hannu, an jera filo har sai an taka kujera ake hawa. In aka kunna fitilar ƙwai da magariba, ɗakin nan gaba ɗaya sai ya ɗauki walƙiya. Mata su yi ta shigowa ganin ɗaki har mako guda, kuma a lokacin ɗakin da ba shi da kala shi ake tausaya wa, a ce iyayenta ba su da hali.

Ita surukar taki, in dai sa'ata ce, a irin ɗakin nan aka kai ta. Don haka ban yarda launi ne ya tashe ta daga falon ba. Ki bincika a hankali.

Amma zan gaya miki abu guda. Jeren nan da kike ji, ba zuba shi ake yi ba. Akwai matar da ake aikawa a ɗauko musamman don ita ta iya. Za ta ɗora kwano ta ja da baya ta duba, ta sauke, ta sake. Ba ta haɗa ja da ja, sai ta raba su da fari. Kuma bangon da yake bayan kwanukan fari ne tas, shi ya sa suke fitowa. In kin lura, ke bangonki ma yana so a gan shi, kayan da ke gabansa ma suna so a gan su.

'Yar Fagge:
Allah ya ƙara lafiya Hajiya. Wallahi kin tuna min ɗakin kakata a Fagge, har ƙamshin turaren wutarta na ji.

Mai Zanen Gini:
Ranki ya daɗe Hajiya, kin riga ni faɗin rabin abin da ke bakina. Aikina ke nan, a Zariya na karanta shi, bari in ƙara kaɗan.

Duk mai cewa bango mai kala ba namu ba ne, ya je ya tsaya a ƙofar fadar Zazzau ya ɗaga kai, ko ya shiga fadar Dutse ya kalli soraye daga ciki: ja, kore, rawaya, shuɗi, tun daga bango har cikin bakan gizon da yake ɗauke da rufi. A nan Kano ga Gidan Rumfa, wanda asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ga Gidan Makama, ga Gidan Ɗan Hausa, duk suna nuna yadda magina suke ƙawata soro.

Sai dai 'Yar Fagge, in za mu yi adalci, launukan nan masu ɗaukar ido ba su kai ginin daɗewa ba. Magina na da da abin da ƙasa ta ba su suke aiki: jar ƙasa, farar ƙasa, makuba daga ɓawon ɗorawa, katsi daga karofi wanda ake haɗawa da gashin jima da dafara a yi laso na shafe gini. Babban masallacin Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, adonsa a jikin ƙasar yake, tudu da kwari, haske da inuwa su ne kalarsa. Fentin gwangwani sai a ƙarnin da ya wuce ya shigo tare da siminti, magina suka karɓe shi hannu biyu suka cika zanensu da shi. Wato son adon namu ne tun fil azal, fentin ne baƙo, kuma mun mayar da shi ɗan gida.

Shi kuwa fari da ruwan toka da ya cika Instagram, yawancinsa salon arewacin Turai ne, kuma suna da dalilinsu. A Stockholm ta ƙasar Suwidin, hasken rana a watan Disamba kamar awa 6 ne kawai, dole su nemi bangon da zai mayar musu da ɗan hasken da suka samu. Mu a Kano ko a Disamba muna da fiye da awa 11 na rana mai ƙarfi. Ba laifi ba ne mutum ya so fari, amma kada a ce shi ne ma'aunin wayewa.

Yanzu kan falonki Maman Sadik. Soron fada yana ɗaukar kala biyar saboda yana da tsayi, zanen yana can sama nesa da ido, kuma ba a zama a cikinsa a yi kallon talabijin awa uku. Falonki daga hoto bai fi ƙafa 14 da 16 ba, ga silin ɗin POP ya ƙara sauko da shi. Masu adon gida suna da wani ƙiyasi: kashi 60 na ɗaki launi ɗaya mai sanyi, kashi 30 launi na biyu, kashi 10 mai ƙarfin da zai ja ido. Ba doka ba ce, amma tana taimako. A naki kowane launi ya ɗauki rabo daidai da ɗan'uwansa, babu babba babu ƙarami. Koren kuwa kin dace da shi ƙwarai, da ruwan goro suna tafiya tare. Ni ruwan ɗorawan nan na bango uku nake tuhuma.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira. Injiniya ya yi gaskiya. Nan wajenmu in ka shiga unguwar Birni za ka ga gidaje da zane a fuska, wasu an bi su da fenti tsanwa da ja da bula, wasu an bar su da kalar ƙasa, kuma duka biyun mutane na tsayawa kallo. Mahaifiyata har gobe ɗakinta shuɗi ne daga ƙasa zuwa ƙugu, sama fari. Ba ta taɓa jin wani ya ce mata ƙauyanci ba. Hajiya Maman Sadik, ki bar tsanwar nan taki.

Malam Mai Fenti:
Assalamu alaikum. Shekarata goma sha tara ina riƙe da rola, bari in faɗi abin da hoto ba ya nunawa.

Hajiya, tambaya ta farko: koren nan mai ruwa ne na gama-gari ko mai santsi wanda ake gogewa? Dalilin tambayar, hunturu na tafe. Mutane suna zaton fari ne yake nuna datti, to ƙurar Kano fara-fara ce, a kan kore mai duhu ta fi fitowa, za ki ga ta kwanta kamar an barbaɗa gari. In mai santsi ne, tsumma mai laima ya wadatar. In na gama-gari ne, kina gogawa zai bar tabo, wurin ya yi fari-fari. Ga yara kuma da hannun miya.

Na biyu, in an yanke shawarar ragewa, ki sani sauka daga mai duhu zuwa mai haske ya fi hawa tsada. Ruwan ɗorawa ba zai wahalar ba, a yi masa shafe ɗaya na fari a bi da biyu na kalar da ake so. Amma koren nan, in aka ce a mayar da shi ruwan madara, sai an yi shafe uku ko huɗu, in ba haka ba zai riƙa leƙowa ta ƙasa. Lita ɗaya takan rufe kamar murabba'in mita 10 a shafe ɗaya in bangon yana da sikiridin mai kyau, sai ki yi lissafi da bokitin lita 20. Don haka ko don aljihu, koren ya zauna.

Na uku, in da hannu aka haɗa kalar, a zuba ragowar a galan a toshe a ajiye. Kalar da aka haɗa da hannu ba ta maimaituwa. Ranar da yaro ya kankare bango da cokali, in babu ragowa sai dai a sake bangon gaba ɗaya.

Abin da yake damuna da masu ba mu aiki shi ne a miƙo min waya a ce "irin wannan nake so." Hasken waya daban, hasken ɗaki daban. Na taɓa yi wa wata baiwar Allah ɗaki ruwan hoda kamar yadda ta nuna, da rana lafiya lau, da daddare aka kunna farin ƙwai sai ya koma kamar ruwan hanta, ta ce ni na ɓata. Tun daga ranar ba na fara aiki sai na shafa gwaji kamar faɗin sallaya a bango, mai gida ya gani da safe, da azahar, da dare.

Kuma ki duba ƙwan fitilarki. A hoto na uku na ga farin nan ne mai kashe ido, wanda ake rubuta 6500K a kwalinsa. Shi yake sa ruwan ɗorawa ya yi tsami. Ki sa mai 3000K, mai haske ja-ja, ki gani, kafin ki kashe ko sisi a fenti.

Maman Sadik:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Koren mai santsi ne, ruwan ɗorawan ne na gama-gari. Ragowa kuma akwai kusan rabin galan. Maganar ƙwai ban taɓa kawo ta a raina ba, kuma da na tuna, su Hajiya sun kai har bayan magariba, a hasken nan ƙannen nasa suka yi maganar.

Sista Mai Jego:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Maman Sadik, a hoto na biyu na ga ƙarfen taga da ƙofa an yi musu rawaya mai sheƙi. Fentin mai ne, irin wanda ake sirkawa da kananzir ko fetur? Ina tambaya ne don na ga keken koyon tafiya a gefe.

Fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan goro, shi ne aka fi samun dalma a cikinsa, domin da ita wasu masana'antu suke fito da kalar. Ba kowane ba, amma ido ba ya ganewa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya take goyon baya shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma a jinin yaro babu adadin da ake cewa ba komai. Tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali ba tare da an ga alama ba. Mu a arewa mun san dalma, ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan daga dutsen zinare ce ba fenti ba, kuma ta fi wannan yawa nesa ba kusa ba, amma gubar ɗaya ce.

Yaro mai haƙori yana kama ƙarfen taga ya sa a baki. Ki duba gwangwanin ko an rubuta babu dalma. In ya fara ɓarewa kada a kankare shi a bushe yara suna gida, a jiƙa, a share da tsumma mai ruwa. Na bango mai ruwa ba shi ne abin damuwa ba.

Malam Mai Fenti:
Sista ta faɗi gaskiya, mu kanmu da muke shaƙa ba a gaya mana ba sai daga baya. Yanzu akwai mai sheƙi na ruwa da ake yi wa ƙofa, ya ɗan fi tsada. A tambaya a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, kuma a karanta jikin gwangwani da ido, kada a tsaya ga bakin mai shago.

Abban Yara:
Ni namiji ne, bari in faɗi ta ɓangaren maigidan, don na ga ba wanda ya tsaya masa. Da ya ce ki yi yadda kike so, da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ina da yaƙinin bai hango abin da kike hangowa ba. Mu in aka ce za a yi fenti, sabunta na da muke zata. Kuma falo ba kamar uwar ɗaka ba ne. Nan yake sauke abokansa, nan yayyensa suke zama ran sallah, nan za a karɓi masu neman aure wata rana. Gidajen da, namiji yana da zaure da turaka, mace tana da ɗakinta ta jera abin da take so, ba mai shiga harkar wani. Gidan yanzu falo ɗaya ne na kowa. To abin da yake na kowa, sai an yi shawara da kowa. Da kin nuna masa gwajin kalar a bango kafin a shafe, da yanzu shi zai tare miki ƙannensa.

Ummu Hanan:
Malam, awa nawa yake yi a falon, awa nawa take yi? Ita take sharewa, ita take gogewa, ita take wuni a ciki da yara. Kuɗin adashinta ne kuma. Ya ba da izini, da ƙanne suka yi magana sai ya janye? Wannan ne bai yi min ba.

Abban Yara:
Ban ce ya kyauta ba Hajiya. Na ce izinin da aka bayar ba a ga abu ba, ba ya da ƙarfin wanda aka bayar an gani.

Uwar Biyu:
A nan ina tare da Ummu Hanan duk da ba na son kalar. Maganar ƙanne ba ita za ta sa a sauya ba. In za a rage, a rage don masu gidan biyu sun ga ya kamata.

Malama Ummu Abdallah:
Bismillah. Wata ta turo min saƙo a gefe tana tambaya ko irin wannan ado ya halatta, na ga gara in amsa a nan. Launi a bango ba shi da laifi a shari'a. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Allah mai kyau ne kuma yana son kyau. Abin kiyayewa shi ne almubazzaranci, da yin abu don a fi maƙwabta, da hotunan masu rai.

Amma akwai wani hadisin Anas a Bukhari da ya faɗo min tun da na karanta cewa Hajiya ta nemi darduma a wani ɗaki. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da wani labule mai zane da ta rufe gefen ɗakinta da shi, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta kawar da shi domin zanensa yana gitta masa a cikin sallah. Maman Sadik, tagar da labulen furannin yake, wane ɓangare take kallo? In gabas ce, to mai sallah a falon fuskarsa a cikin furannin take.

Amaryar Haya:
Ni dai ina karantawa ina sha'awa. Mu 'yan haya ba mu da bakin magana, a takardar da muka sa hannu an rubuta ba a sauya kalar bango, in an sauya sai an mayar kafin a tashi. Da filo da darduma da tum-tum na fata nake samun kalata. Mai gidan kansa ya gode wa Allah, ko kore ko fari.

Maman Sadik:
Malama, wallahi tagar gabas ce. Jikina ya yi sanyi da na karanta.

Yau da safe na dafa dambu na kai wa Hajiya da kaina, ban aiki yaro ba. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, ko falon ne bai yi miki ba rannan?" Ta ce ita la'asar za ta yi, ta tayar da kabbara ta ga furanni sun cika mata ido, shi ya sa ta nemi wani wuri. Sai ta tambaye ni inda na samo faya-fayan, ta ce saƙar ta yi kyau, irin ta da ce mai ƙaramin baki. Daga nan ta shiga ba ni labarin jerenta, kusan abin da Hajiya Inna ta faɗa, har da wata fanteka mai jan fure da ta ce tana nan a ƙarƙashin gadonta. Amma ba ta ɓoye min ba, ta ce rawayan nan ya yi mata yawa, tana shiga ta ji kamar zafi ya ƙaru.

Ƙannen kuwa suna nan kan bakansu. Babbar ta turo min hotunan wani falo fari da gwal irin kayan Turkiyya ta ce in gani. Na ce mata ya yi kyau, Allah ya ba ta irinsa.

Jiya da daddare mun sa ƙwan 3000K, ni da maigidan muka zauna muka duba. Ya ce koren da kujerun a bar su, ya ma fara son su. Labulen zan mayar da shi ɗakina, in sa mara zane a falo. Ƙarfen taga na duba gwangwanin, ba a rubuta komai a kan dalma ba, don haka na ja kujera na tare wurin har a zo a duba. Inda muka rabu shi ne bango ukun: shi yana son duka su koma ruwan madara, ni ina son a bar ko guda ɗaya, wanda faya-fayan suke jiki.

Mai Zanen Gini:
Hajiya, wanda faya-fayan suke jiki shi ya fi buƙatar haske, ki tuna farin bangon da Hajiya Inna ta ce yana bayan kwanuka. In za ki bar ɗaya, ki bar na wajen ƙofar shiga, wanda mai zaune yake ba wa baya.

'Yar Fagge:
Ni ban yarda a taɓa ko ɗaya ba, amma gidanki ne. Ki dai roƙi Hajiya fantekar nan tun kafin ƙannen su gano tana da daraja.

Uwar Biyu:
In an cire labulen ki sake turo hoto da rana, ba da dare ba. Ina son in ga koren shi kaɗai.

Malam Mai Fenti:
Kafin a sayi bokiti, a shafa ruwan madaran faɗin sallaya a kusurwar da ta haɗu da koren, a bar shi kwana biyu. Akwai mai ja-ja akwai mai rawaya-rawaya, ba kowanne ne yake zama da kore ba. Kuma Hajiya, ƙasan bangon da ke bayan doguwar kujera na ga kamar ya ɗan kumbura a hoto na huɗu. Ki taɓa ki ji ko da laima, in gishiri ne yake tasowa sai an magance shi tukuna, in ba haka ba ko wace kala aka shafa kafin damina ta fita za ta ɓare.

Maman Sadik:
Na taɓa yanzu Malam, da sanyi-sanyi, kuma farin gari ya biyo yatsana. Bayan bangon nan banɗaki ne.